Wace Makaranta Za Ki Kai 'Yarki Bayan Aji Uku?

A kowace shekara, da zarar an gama jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, sai magana ta taso a gidaje, watau ina za a kai yarinya ta ƙarasa shekara ukun da suka rage mata kafin jami'a. A gidaje da yawa zancen ba ya wuce minti biyar. Maigida ya ce a bar ta inda take, ko kuwa uwa ta ce a kai ta inda 'yar maƙwabta take don su riƙa tafiya tare, shi ke nan an rufe magana. Sai bayan shekara uku, ran da aka je cike takardar neman shiga jami'a, sa'an nan a gane cewa yarinyar da ta tashi da burin zama likita ba ta taɓa zama a ajin Fiziks ba. A lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kakanninmu da suka yi boko a da za su tuna cewa ba haka tsarin yake ba. A zamaninsu shekara biyar ake yi a sakandare, wadda ta yi ƙoƙari ta ƙara shekara biyu a aji shida ta ɗauki jarrabawar HSC, ko kuwa ta tafi makarantar share fagen shiga jami'a, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a farkon shekarun 1970. Watau akwai wurin gyara kuskure a tsakani. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, kowace shekara uku. A ƙofar babbar sakandare ake raba yara, wasu ajin kimiyya, wasu ajin fasahar harshe da zamantakewa, wasu ajin kasuwanci. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar ke nan, a makon farko na aji huɗu, ake yanke mata hanyar da za ta bi, sau da yawa ba tare da uwarta ta ma san an yi ba.

Sabo da haka shawarata ita ce a fara lissafi daga ƙarshe a dawo farko. Kafin a tambayi wace makaranta, a zaunar da yarinya a tambaye ta me take so ta karanta a jami'a, a kuma dubi sakamakonta na shekara ukun da ta yi a ga ko ƙarfinta ya yi wajen nan. Daga nan sai a nemi sanin darussan da wannan fanni yake bukata. Alal misali, mai son aikin likita ko haɗa magunguna ba ta da makawa sai ta sami kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama sukan ce sai a zama ɗaya, ba a haɗa sakamako biyu. Makarantun koyon aikin jinya da ungozoma su ma waɗannan darussa biyar suke nema, ko da yake sukan yarda da zama biyu. Mai son aikin lauya kuwa mafi yawan jami'o'i ba za su dube ta ba in ba ta da kiredit a Adabin Turanci, ga shi kuwa akwai makarantu bila adadin a ƙasar nan tamu da ba su da malamin wannan darasi ko ɗaya. Kiredit kuma yana farawa daga C6 ya yi sama zuwa A1. D7 da E8 sunansu an ci, amma ba su buɗe ƙofar jami'a.

Bayan wannan ga jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darasi huɗu ake rubutawa, Turanci dole, sauran ukun kuwa fannin da yarinya ta zaɓa shi ke yanke su, maki 400 gaba ɗaya. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta. Yarinyar da ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko da ta san amsa, rawar hannu da ɓata lokaci sun isa su ci mata maki masu yawa. Ita ma hukumar WAEC ta fara gwada kwamfuta a 2024 ga masu rubuta jarrabawa a kan kansu. Ashe ke nan ɗakin kwamfuta ya shiga cikin abubuwan da za a duba, kuma a duba ko ana kunna su, don akwai inda aka jera su aka lulluɓe da leda sai ran da baƙi suka zo.

To, in an san darussan, sai a tashi a je a gani da ido, gani ya kori ji. A nan ne nake kira gare ki 'yar uwa, ki nemi izinin maigida ki je da kanki, ko ku tafi tare, ko ki sami yayarki ko ƙanwar maigida mai ilmi ta raka ki. Maza sukan tsaya a ofis su gaisa da shugaban makaranta su ji kuɗi nawa ne su fito. Mace ita ce za ta leƙa makewayi ta ga ko akwai ruwa, ta dubi tukunyar abinci, ta lura da fuskokin 'yan matan ko a sake suke. Kada ki je ranar bikin raba kyaututtuka, ran nan kowace makaranta amarya ce. Ki je ranar Talata ko Laraba da hantsi, lokacin da ya kamata a ce kowane aji da malami a ciki, ki ƙirga ajin da yara ke zaune su kaɗai suna surutu.

Ki tambayi shugabar makaranta, cikin ladabi, wane ne malamin Fiziks, shekararsa nawa a nan, kuma na dindindin ne ko kuwa mai yi wa ƙasa hidima ne. Ba raina masu hidimar ƙasa nake yi ba, a cikinsu akwai haziƙai, amma shekara guda suke yi su tafi, kuma sau da yawa sai a yi wata uku ko huɗu kafin a turo wani. Makarantar da ta dogara da su kaɗai a darussan kimiyya, karatun 'yarki zai zama kamar ɗinkin da tela uku suka yi. Ki roƙa a buɗe miki ɗakin gwaje-gwaje. Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kowannensu yana da jarrabawar aiki da hannu, inda za a ba yarinya kwalabe da ma'auni a ce ta auna ta rubuta abin da ta gani. In kika tarar da ƙura da yanar gizo-gizo a kan kayan, ko aka ce miki mai riƙe da makulli ba ya nan, kin sami amsarki.

Abu na gaba shi ne rajista. Ba kowace makarantar kuɗi ce hukumar WAEC ko NECO ta amince da ita a matsayin wurin zana jarrabawa ba. Wasu sukan karɓi kuɗin iyaye shekara uku, in lokaci ya yi su kwashi yara su kai wata makaranta, wani lokaci a wani gari, a yi musu rajista da sunan can. Ki nemi a nuna miki lambar da hukumar ta ba makarantar, da takardar sakamakon ɗalibansu na shekara biyu ko uku da suka wuce, dukansu, ba na mutum biyar ɗin da aka manna hotonsu a bakin ƙofa ba. Makarantar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya.

Amma fa a yi hattara da sakamakon da ya cika kyau. Kowa ya san akwai makarantun da sana'arsu ke nan, a biya kuɗi na musamman a aji shida, ranar jarrabawa a rubuta wa yara amsa a allo. Abin takaici, iyaye mata muna cikin masu sayar da ɗan kunne da tunkiya don a kai 'ya'yanmu irin waɗannan wurare, muna ganin gata muka yi musu. Na farko dai haram ne, kuma yarinya tana kallo, ta koyi cewa haka ake samun abin duniya. Na biyu, hukumomin jarrabawa sukan riƙe sakamakon makaranta ɗungurungum ko su soke shi in sun gano, mai laifi da marar laifi duk su tafi tare. Na uku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yarinya ta zo da A1 a Kemistiri, ta zauna gaban kwamfutar JAMB ita kaɗai, ta fito da makin da ko rabi bai kai ba. In ma ta tsallake ta shiga jami'a, shekarar farko ta ishe ta, a koro ta gida. Daga nan kuwa kin san abin da dangi za su ce, ai ga shi nan an yi bokon ba a ci ba, a yi mata aure kawai, har ƙannenta ma a hana su.

Ba lalle sai mai kuɗi ke samun makaranta mai kyau ba. Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, ta fara da na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe na 'yan mata, irin su Taura da Jahun, waɗanda suka koma Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro ta a 1991, da kuma ta Garko a Kano. Da jarrabawa ake shiga, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na waɗannan jihohi biyu can suka fito. Wasu jihohin ma suna da irin nasu. Ga kuma kwalejojin 'yan mata na Gwamnatin Tarayya a Bakori da Kazaure da Minjibir da Zariya da sauran garuruwa. Sai dai suna kaɗai ba ya isa, makarantar da ta yi tashe a zamanin yayarki tana iya zama ta lalace yanzu, ita ma sai an je an duba ta kamar kowace. Wadda kuma zuciyarta ta karkata ga Larabci da ilmin addini, akwai sakandaren Larabci da ke rubuta jarrabawar hukumar NBAIS. Abin lura kawai shi ne a tambayi jami'ar da ake nufi tun da wuri ko tana karɓar wannan takarda a fannin da yarinyar ke so.

Sai maganar da ke hana uwa barci, watau kwana ko jeka-ka-dawo. Ba wanda zai ga laifin uwar da ta ce ba za ta kai 'yarta makarantar kwana ba. 'Yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu na 2014 'yan ajin ƙarshe ne da suka taru don rubuta jarrabawar fita. An sake yi a Dapchi a 2018, aka kuma yi a Jangebe ta Jihar Zamfara a 2021. Duk da haka ba zan ce a yi wa makarantun kwana kuɗin goro ba. A dubi inda makarantar take, cikin gari ko bakin daji, da katangarta, da masu gadinta, da hanyar da za a bi in za a kai ta ko a ɗauko ta hutu, a kuma ji ta bakin mutanen garin, don su suka san abin da ke faruwa da dare. Amfanin kwana shi ne lokaci: akwai sa'o'in nazari da yamma da dare, ba mai aiken yarinya. Wadda ta zaɓi jeka-ka-dawo kuwa, to, ta san ta ɗauki alkawari. Yarinyar da za ta dawo ƙarfe biyu ta tarar da wanke-wanke da raino da niƙa da tuwon dare suna jiranta, sa'an nan ga Islamiyya, yaushe za ta buɗe littafin Lissafi? Ƙanenta namiji kuwa yana waje yana ƙwallo. In za a bar ta a gida, a ware mata sa'a biyu kowace rana da ba mai kiran sunanta, a kuma tanadar mata fitila.

Game da kuɗi, a yi lissafin shekara uku cif, har da kuɗin jarrabawar fita da na JAMB da na mota, kafin a sa ƙafa. Gara makaranta matsakaiciya da za a iya biya har ƙarshe, da mai tsada da za a cire yarinya a tsakiyar aji biyar. Canjin makaranta a waɗannan shekaru yana da illa ƙwarai, domin makin gwaje-gwajen da ake yi tun daga aji huɗu ana aika wa hukumar jarrabawa, yana kuma shiga cikin sakamakon ƙarshe. A wasu jihohi, kamar Kano, gwamnati takan yi wa 'yan aji biyar na makarantunta jarrabawar tantancewa, ta biya wa waɗanda suka ci kuɗin jarrabawar fita, wannan ma abin sakawa ne a cikin lissafi.

Ku kuma 'yan mata 'ya'yana, kada ki zaɓi ajin kimiyya don kawai ana cewa na masu ƙoƙari ne, kada kuma ki guje shi don ƙawarki ta tafi wani aji ko don an ce malamin Lissafi yana da zafi. Muna bukatar likitoci mata a asibitocinmu, hakanan muna bukatar malamai mata da lauyoyi mata da masu aikin jarida. In kina jin nauyin Baba, ki faɗa wa Inna ko Gwaggo ko malamarki abin da ke ranki tun yanzu da kike aji uku. Ki kuma tuna musu a duba takardunki: sunanki da ranar haihuwarki su zama iri ɗaya a takardar haihuwa da rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa, domin tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma harafi guda da ya bambanta, a ce Hauwa a nan Hauwa'u a can, yakan jawo zirga-zirgar watanni kafin a gyara.