Binciken Jami'a kan Sabuwar Fasaha da Karkarar Tasawa da Mayahi

Gundumomin Tasawa da Mayahi, waɗanda ke gabas da arewa maso gabashin birnin Maraɗi, ƙasar jigawa ce ta gero da wake da gyaɗa, inda ruwan sama bai cika wuce milimita 500 ba a shekara, kuma babu jami'a a cikin ko ɗayansu. Duk da haka yankin yana da suna a tarihin binciken fasaha na Jamhuriyar Nijar, domin a garin Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yuni 1929, masanin da babbar jami'ar ƙasar da ke Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, ya zarce Faransa inda ya ƙware a kimiyyar fizik, wato nazarin haske da zafi da motsi, sannan ya je Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1960 ya zurfafa a fannin makamashin rana, wanda a wancan zamani shi ne sabuwar fasahar da duniya ba ta gama yarda da ita ba.

Bayan ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, ya dawo gida a 1969 ya riƙe hukumar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL, har zuwa 1985, kuma a tsakanin nan ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979. A ƙarƙashinsa hukumar ta ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da murhun girki, ta kuma yi gwajin injin da zafin rana ke juyawa don jawo ruwa. Abin lura a aikinsa shi ne inda ya samo tambayoyinsa: ya dubi ƙasar da ba ta da teku, wadda ke sayo mai da tsada, wadda mata ke cinye rabin yini wajen neman itace da jan guga, alhali rana na dukanta kusan duk shekara, sai ya mai da wannan hali abin bincike. A littafinsa na 1964 mai suna L'Éducation en Afrique ya kuma yi jayayya cewa ilimi ba zai kafu a Afirka ba muddin ana ba da shi cikin harshen da yawancin jama'a ba sa ji. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, amma waɗannan batutuwa biyu, makamashi da harshe, su ne har yau suke yanke hukunci kan ko binciken kwamfuta zai isa karkara ko zai tsaya a birni.

Jami'ar da ta fi kusa da Tasawa da Mayahi ita ce ta Maraɗi, wadda ta faro a matsayin cibiyar koyon fasaha a 2008, ta zama cikakkiyar jami'a a 2010 tare da na Tawa da Damagaram, daga baya aka raɗa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin sinadarai ɗan Maraɗi wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi. Tana da tsangayar aikin gona da muhalli, da ta kimiyya da fasaha, da ta kiwon lafiya, kuma a gefen gari, a Tarna, akwai tashar hukumar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN. Idan ana zancen sabuwar fasaha a irin waɗannan wurare a yau, galibi abubuwa uku ake nufi, wato nazarin ƙasa ta hotunan tauraron ɗan adam, da amfani da wayar salula wajen tara bayanai da yaɗa su, da kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda ke nufin tsarin kwamfuta da ba a rubuta masa doka ɗaya bayan ɗaya ba, sai dai a nuna masa misalai masu yawa har ya gano kamanninsu da kansa.

Fagen da waɗannan fasahohi suka fi taɓa yankin shi ne na itatuwan gona. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman jihar Maraɗi sun koma ga abin da ake kira sassaben zamani, inda manomi, maimakon ya sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, yake zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya riƙa kula da su har su zama itace. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, ya taimaka wajen yaɗa dabarar tun 1983, amma manoma ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona ba tare da wani ya ƙidaya ba. Girman abin bai bayyana ba sai a shekarun 2000, lokacin da Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka da Chris Reij na wata jami'ar Amsterdam, tare da masana ƴan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan adam, suka kuma bi gonaki da ƙafa. Ƙiyasinsu shi ne kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, a daidai lokacin da rahotannin duniya ke cewa hamada ce kawai ke cin yankin.

Wannan ƙiyasi ne da aka gina kan samfura, domin babu mutumin da zai iya ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya a faɗin ƙasa irin wannan. A nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A 2020 masu bincike na Jami'ar Kofanhagen da ke Danmak, da haɗin gwiwar hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, sun wallafa a mujallar Nature sakamakon ƙidayar da ta gano itatuwa sama da biliyan 1.8 a murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel. Yadda aka yi shi ne, an ɗauki hotunan da kowane ɗigo a cikinsu yake daidai da rabin mita a ƙasa, aka zauna aka zagaye kan itatuwa kusan 90,000 da hannu, aka ba na'ura waɗannan misalai ta yi ta gwaji tana kuskure ana gyara ma'auninta, har ta kai ga gane itace ta launin ganyensa da inuwar da ke gefensa. An zaɓi hotunan rani, saboda a lokacin ciyawa ta bushe, gero ya tashi daga gona, duk wani kore da ya rage a kan rairayi kusan itace ne. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atilantika zuwa Bahar Maliya, wanda ya haɗa da kudancin Nijar, aka sami itatuwa biliyan 9.9 da ke riƙe da kimanin tan miliyan 840 na sinadarin kabon.

Babban aiki ne, amma yana da iyakar da manomin Mayahi zai gane nan take. Na'urar tana ganin faɗin kan itace, ba ta san sunansa ba, alhali ga mai gona bambancin gawo da kalgo da aduwa shi ne dukan zancen. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ya kuma yi toho da rani ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa, dabbobin su bar taki a gindinsa, shi ya sa geron da ke ƙarƙashinsa yake fin na sarari tsayi da cikar zangarniya. Haka kuma a kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, arzikin jama'a yana cikin kabar da mata ke yanka don saƙa tabarma da igiya da faifai, kuma kaba tohon goriba ce da ke ƙasa-ƙasa, wadda ƙidayar da ta taƙaita ga itatuwan da kansu ya wuce murabba'in mita 3 ba lallai ta tantance ta ba. Matashin itacen da aka yi wa sassabe bara ma bai kai wannan girma ba. Kafin lissafin sama ya zama abin amfani, dole wani ya shiga gona da awo da takarda, ya rubuta irin itacen da kaurinsa da wurinsa, kuma wannan aiki ne da ɗaliban Maraɗi suka fi kowa cancantar yi.

Akwai kuma batun mallaka, wanda bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Hotunan masu kaifin rabin mita na kamfanin Amurka ne, kuma a kan wata katafariyar kwamfuta ta Jami'ar Ilinoi aka sarrafa su. Waɗanda ɗalibi zai samu kyauta, irin na taurarin Landsat da Sentinel-2, ɗigonsu mita 30 ne da mita 10, sun isa a bi yanayin shuka da bushewar tabki, amma ba su isa a ware ƙaramin itace ba. Tunda yanzu ana cinikin kabon a kasuwannin duniya, wato kamfani ya biya kuɗi don itatuwan da ke zuƙe hayaƙin da ya fitar, duk wanda ke riƙe da ƙidaya shi ke da bakin magana kan farashi, manomin da ya yi shekara ashirin yana kare itacen daga gatari da bakin akuya kuwa ba shi da hanyar duba ko an ƙirga masa daidai.

Wayar salula, wadda ta shigo Nijar a 2001, ta riga duk waɗannan isa ƙauye. Jenny Aker, wadda a 2010 take Jami'ar Tufts, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta nuna a 2010 cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa ya daina ɗora buhuna a mota kafin ya san nawa tiya take a inda za shi. Daga baya masu nazarin ƙwari na Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, sun yi aiki da jami'o'in Amurka kan adana wake a buhu mai riɓi uku da ke hana ƙwari iska, an kuma shirya gajerun hotuna masu motsi da muryar Hausa waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya.

Muryar ita ce muhimmin abu, domin manyan Nijar da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma a karkara saƙon murya ya fi rubutu tafiya. Koya wa kwamfuta Hausa ya sami ci gaba a ƴan shekarun nan: Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, wani shiri mai suna DiLAF, na haɗin gwiwar masanan Nijar da jami'o'in Faransa, ya mai da ƙamusoshin Hausa da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci zuwa tsarin da na'ura ke iya karantawa, sannan a 2022 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu na Nijeriya, waɗanda mutane suka tantance ko yabo ne ko suka. Sai dai na'ura tana iya abin da aka ciyar da ita ne kawai, kuma yawancin rubutun Hausa da ke intanet na Kano ne da Kaduna da gidajen rediyon waje. Hausar Tasawa dangin Katsinanci ce, aronta na zamani daga Faransanci ya fito, rubutun Nijar yana sa harafi mai lanƙwasa inda na Nijeriya ke sa waƙafi a gaban y, kuma lissafin kuɗi da dala ake yin sa, wadda take sefa 5, yadda dala ashirin take sefa 100, jika kuma 1,000. Manhajar farashin da ba a koya mata wannan ba za ta iya gaya wa mai sayar da gero kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma doka ba ta haifar da bayanai, sai an fita da na'urar naɗar murya zuwa garuruwan yankin irin su Korgom da Kanambakashe da Sarkin Hausa, an nemi yardar masu magana, an rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi.

Duk wannan yana bukatar wuta, kuma a nan tambayar Abdou Moumouni take nan ba a gama amsa ta ba. Waɗanda ke samun lantarki a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a ƙauyuka kuwa adadin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Jihohin Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke wuta a Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasar da ke sayo kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga maƙwabciya ta shiga duhu na watanni. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, sun nuna hanya, amma ɗakin binciken da kwamfutarsa ke mutuwa tsakiyar lissafi ba zai iya horar da na'ura ba ko da malamansa sun fi kowa sani.

Jami'ar Maraɗi ba ta da halin gasa da Kofanhagen wajen girman kwamfuta, kuma ɓata dukiya ne ta gwada. Abin da take da shi wanda babu a can shi ne ɗalibai ƴan Tasawa da Mayahi da suka san gawo daga kalgo tun suna kiwo, suke jin Hausar kasuwa ba tare da tafinta ba. Haƙƙi ne a kan hukumomin ilimi mai zurfi da mahukuntan gundumomin biyu su ba su farantan sola da layin intanet mai ɗorewa da kuɗin fita gona, kuma a sa sharaɗi a kowace yarjejeniya da jami'ar waje cewa kwafin duk bayanin da aka tara a yankin zai zauna a Maraɗi, a kuma karanta wa manoman sakamakonsa da Hausa a gidajen rediyon garuruwansu.