Farfelar Tsohuwar Mustang: Awo Kafin Guduma

Masu farfaɗo da tsofaffin motoci a Amurka sukan shafe shekaru a kan Ford Mustang ɗaya, motar da ta fara fitowa a 1964. An gyara inji, an yi fenti, sai aiki ya tsaya cik a kan ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba: kuros ɗin farfela, mahaɗin nan mai hannu huɗu da ke isar da juyin giyabos zuwa tayoyin baya.

Matsalar farko ita ce girma. Kuros mai lamba 1310 da mai lamba 1330 hulunansu ɗaya ne, kimanin milimita 27. Bambancin yana faɗi: na farko milimita 82 ne, na biyu 92. Akwai kuma 1350, mai faɗi irin na 1330 amma hularsa milimita 30. Motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa, ƙila an taɓa sauya mata aksul na baya, don haka lambar da ke littafin kamfani ba lallai ta dace ba. Shi ya sa ƙwararru ke auna kunnuwan farfela da na aksul kafin su sayi komai. Idan girman ya bambanta, akwai kuros mai haɗa biyu, 1310 ta gefe ɗaya, 1330 ta ɗayan.

Ta biyu tana faruwa wajen ɗaurawa. A cikin kowace hula akwai siraran ƙarafa kamar allurai, jere da bango. Idan ɗaya ta faɗi ta kwanta a ƙasa, hular ba za ta shige ba, zoben da ke riƙe ta ma ba zai zauna ba. Mai gaggawa yakan ɗauko guduma ya fasa hular. Mafita ita ce a cire ta, a miƙar da allurar, a shafa giris ya riƙe su.

Ta uku ba ta bayyana sai an hau titi: jijjiga. Kuros da ke aiki a karkace yana ƙara sauri yana ragewa sau biyu a kowane juyi, na ɗaya ƙarshen ne ke goge wannan tangarɗa. Hakan na yiwuwa ne kawai idan kunnuwan biyu suna kan layi ɗaya, karkatarsu kuma kusan daidai take. Galibi ana son kada ta wuce digiri 3.

A nan wayar hannu take shigowa. Manhajar Measure ta iPhone na auna karkata, kamfanin giyabos na Tremec ma yana da manhaja ta wannan aikin. A ajiye motar a kan tayoyinta, a cire rigar wayar, a auna giyabos, farfela da aksul.

Sakaci a nan yana da tsada. Kuros ɗin gaba idan ya tsinke ana gudu, farfela na iya soke kwalta ta ɗaga bayan motar.