Armeniyawa: Mutanen Da Rubutunsu Ya Riƙe Su Bayan Ƙasa Ta Kuɓuce

A birnin Yereban, hedkwatar ƙasar Armeniya, akwai wani babban gini na dutse a kan tudu wanda ake kira Matenadaran, watau gidan ajiyar littattafai. A cikinsa akwai littattafan rubutun hannu wajen 17,000, yawancinsu da harshen Armeniyawa, amma har da na Larabci da Farisanci. Mafi girma a cikinsu shi ne wani kundin wa'azi na garin Mush wanda aka rubuta a kan fata wajen shekara ta 1200, nauyinsa kuwa ya kusa kilo 28. Yadda labari ya zo, a shekara ta 1915, sa'ad da ake korar Armeniyawa daga garuruwansu, waɗansu mata biyu ne suka tsince shi a kangon wani gidan ibada. Da suka ga ba mai iya ɗaukarsa ita kaɗai, sai suka raba shi biyu, kowace ta goya rabi. Ɗaya ta isa da nata tudun tsira. Ɗayar kuwa ta binne nata a harabar wani coci a Erzurum kafin ta rasu, sai daga baya aka tono shi aka haɗa da ɗan'uwansa.

Matan da ke gudun ceton rai, su bar tukunya da tabarma su goya littafi, lalle akwai dalili. Dalilin kuwa ya samo asali shekaru 1,500 kafin a haife su.

Armeniya ta yau ƙaramar ƙasa ce cikin duwatsu, ba ta kai girman Jihar Kaduna ba, ba ta kuma da bakin teku. Turkiyya na yamma da ita, Jojiya na arewa, Azarbaijan na gabas, Iran na kudu. Mutanenta wajen miliyan 3 ne, amma Armeniyawan da ke zaune a ƙasashen waje sun fi na gida yawa. Su da kansu ba su kiran kansu Armeniyawa. Hay suke cewa, ƙasarsu kuma Hayastan. Duk wanda ya tsaya a Yereban ran da gari ya yi garau zai hango dutsen Ararat, mai tsawon mita 5,137, wanda hotonsa ke jikin tambarin ƙasar. Kiristoci na cewa a duwatsun Ararat jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, Alƙur'ani kuwa ya ambaci dutsen Judi. Ko wanne ne, duka biyu suna cikin Turkiyya a yau. Yarjejeniyar Kars ta 1921 ce ta bar Ararat a hayin iyaka, sai dai su gan shi da ido.

Bisa ga tarihinsu, a shekara ta 301 Sarki Tirdat na Uku ya karɓi addinin Kirista, ƙasarsa ta zama ta farko da ta mai da shi addinin mulki. Amma fa ƙasar tana tsakanin giwaye biyu, Rum da Farisa, kuma a shekara ta 387 suka raba ta tsakaninsu. A lokacin Armeniyawa ba su da rubutun kansu. A ɓangaren Rum da Girkanci ake ibada, a ɓangaren Farisa da Siriyanci, talaka na zaune a coci ba ya jin abin da ake karantawa. Da an ci gaba da haka, da rabi sun narke cikin Rumawa, rabi cikin Farisawa.

Wani malami mai suna Mesrop Mashtots, wanda ya taɓa zama magatakarda a fadar sarki, shi ya hango haɗarin. Da goyon bayan shugaban cocinsu, Sahak, da Sarki Biramshapuh, ya zauna ya tsara baƙaƙe 36 a shekara ta 405, kowane sauti da harafinsa. Daga baya aka ƙara biyu. Nan da nan aka buɗe makarantu, aka fassara Littafi Mai Tsarki, aka shiga fassara littattafan Girkawa, har akwai waɗanda asalinsu ya ɓace sai a fassarar Armeniyanci ake samunsu yau. Sarautar ƙasar ta faɗi a shekara ta 428, watau shekara 23 kacal bayan ƙirƙiro baƙaƙen. Baƙaƙen kuwa su ne har gobe ake koya wa yara. Kowace shekara cikin watan Oktoba cocinsu na yin bikin tunawa da masu fassara, abin da mai aikin fassara a nan ƙasar zai ji ya yi sha'awa, tun da shi ko sunansa ba a cika sawa a bangon littafi ba.

Bayan wannan, Larabawa sun mulke su, haka Turkawa da Mongol da Farisawa, daga bisani Rasha ta ɗauki gabashin ƙasar. Sai suka zama fatake. Kamar yadda Bahaushe ya kafa zango a hanyar Gwanja, haka Ba'armene ya kafa unguwa a Isfahan da Madras da Banis, duk inda ya sauka kuma sai ya gina coci da makaranta. A Banis aka buga littafinsu na farko da injin ɗab'i a 1512. Jaridarsu ta farko, Azdarar, a Madras ta ƙasar Indiya ta fito a 1794. Firayim Ministan Masar na farko, Nubar Fasha, wanda ya hau a 1878, Ba'armene ne.

Babbar musiba ta auku musu a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ran 24 ga Afrilu, 1915, gwamnatin Daular Usmaniyya ta Turkawa ta kame shugabanninsu da marubutansu a Istambul. Sa'an nan aka bi gari gari a gabashin ƙasar, aka kashe maza, aka tasa mata da yara a ƙasa zuwa hamadar Sham, wajen Dairuz Zur. Armeniyawa na cewa mutum miliyan ɗaya da rabi suka halaka, masana tarihi kuwa suna ba da ƙiyasi daga 600,000 zuwa wannan adadi. Faransa a 2001, Jamus a 2016, da shugaban Amurka a 2021 duk sun kira abin kisan ƙare dangi. Turkiyya ta yarda mutane da yawa sun mutu, amma ta ƙi wannan suna, tana cewa ɓarnar yaƙi ce da ta ci Musulmi ma. Abin da bai kamata a manta ba shi ne, Larabawa Musulmi da yawa sun ɓoye waɗanda suka tsira, har Sharif Husaini na Makka ya ba da umarni a rubuce cewa a kāre su. Ta haka unguwanninsu suka kafu a Halab da Bairut.

Waɗansu marayun har Afirka suka iso. A 1924 Ras Tafari na Habasha, wanda ya zama Sarki Haile Selassie, ya kai ziyara Birnin Ƙudus, ya ga marayu 40 masu busa da kiɗa a gidan ibadar Armeniyawa, ya ɗauke su zuwa Adis Ababa suka zama makaɗan fada. Malaminsu, Kebork Nalbandiyan, shi ya tsara kiɗan taken ƙasar Habasha na zamanin sarkin.

Gabashin ƙasar ya sami 'yanci a 1918, sojojin Sobiyet sun mamaye shi a 1920, ya sake samun kansa a 1991. To, a nan ne matsalar harshen take. Armeniyanci kashi biyu ne. Na gabas yana da gwamnati, da makarantu, da rediyo, da jami'a. Na yamma, wanda shi ne na waɗanda aka kora a 1915, ba shi da ko gunduma guda a duniya. Halab da Bairut ne suka riƙe shi, sai yaƙin basasar Labanan na 1975 da na Sham na 2011 suka sake warwatsa mutanensa zuwa Faransa da Kanada da Amurka. A can ba mai korarsu, sun sami arziki da kwanciyar hankali, amma jikoki da Turanci da Faransanci suke magana, sai ran Asabar a kai su makarantar koyon baƙaƙe. A 2010 hukumar UNESCO ta sa Armeniyancin yamma cikin harsunan da ke cikin haɗarin ɓacewa.

Irin wannan zaizayar ta zaman lafiya ba sai an je Turai za a gan ta ba. Tun da aka kafa dokar Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma dawo da gwamnati Abuja a 1991, baƙi suka cika garuruwan da ke hanyar Nyanya zuwa Karshi, irin su Orozo. Ba a yi wa kowa abin da aka yi wa Armeniyawa ba, kuma kwatanta su ma kuskure ne. Amma gonakin Gbagyi da Gwandara sun zama filayen gini, yaransu kuma a kasuwa da makaranta da Hausa da Turanci suke hulɗa. A nan Hausa ce babban kifin da ke haɗiye ƙanana, ko da Bahaushe bai cika lura ba. Bambancin shi ne, yaron Armeniyawa a Faris in ya waiwaya zai tarar da littattafan shekara 1,600 suna jiransa, na Orozo kuwa abin da aka rubuta da harshen kakanninsa kaɗan ne ƙwarai.

Su ma Armeniyawan gabas ba su huta ba. Yankin Nagorno Karabak, wanda duniya ta sani a matsayin ƙasar Azarbaijan amma a da Armeniyawa ke zaune a ciki, an gwabza yaƙi a kansa a farkon shekarun 1990, aka sake yi na kwana 44 a 2020. A watan Satumba na 2023 sojojin Azarbaijan suka karɓe shi baki ɗaya, cikin 'yan kwanaki mutum fiye da 100,000 suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka bi hanyar dutse zuwa Armeniya. Suna da karin harshensu na dabam, wanda mutumin Yereban ke wahalar fahimta. A yankin da suka baro akwai gidan ibada na Amaras, inda tarihinsu ya ce a nan Mashtots ya buɗe makarantar farko ta koyar da baƙaƙensa.