Inda Ake Jiran Ƙanƙara Kamar Ruwan Damina

A lokacin da hunturu kan sa mutanen Udubo, a ƙasar Katagum, su kewaye wuta da asuba, akwai waɗansu 'yan Afirka da ke fatan sanyi ya ƙaru. Su ne mutanen Ukaimedan, wani wurin hutu a kan duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, kimanin kilomita 75 daga birnin Marrakesh.

Tsayin wurin ya kai mita 2,600 daga doron teku. Daga Janairu zuwa Maris, idan dusar ƙanƙara ta lulluɓe duwatsu, baƙi kan yi tururuwa. Sukan ɗaura dogayen alluna masu santsi a ƙafafu, su riƙe sanduna biyu, su hau dutsen da ƙololuwarsa ta haura mita 3,200, sa'an nan su sulalo ƙasa a guje.

Ga baƙo wasa ne, amma ga ɗan ƙauye abinci ne. Wani yana ba da hayar alluna, wani na alfadari, wani kuwa shayi yake sayarwa. Idan kuma ƙanƙarar ta narke, ita ce ke cika kogunan da manoma ke ban ruwa da su.

Daga 2019, fari ya yi shekaru yana addabar Maroko. Ƙanƙara ta yi ƙaranci, dabbobi suka ragu, har a 2025 Sarki Muhammadu na Shida ya nemi jama'a su haƙura da layya. Manomin Udubo da ya taɓa jiran ruwan shuka ya san irin wannan zullumi.