Kafin a Kunna Injin Wanki: Yadda Ake Tsara Lungun Wanki a Ƙaramin Gida

A 'yan shekarun nan injin wanki ya shiga jerin kayan ɗakin amare a birane irin su Kano da Kaduna, kusa da firji da talabijin. Samari masu zaman kansu ma sun fara saye, ganin yadda kuɗin masu wanki da guga ke ta hawa. Sai dai a gidaje da dama injin yana nan a kusurwar falo, an lulluɓe shi da zani an ɗora kwanuka a kai. Ba lalacewa ya yi ba. An dai kawo shi gidan da ba a tanadar masa wuri ba: babu soket kusa, famfo ba ya zuwa da ƙarfi, kuma ba a san inda ruwan wankin zai bi ya fita ba.

A gidan ɗaki da falo, wurin wanki bai wuce wani lungu a baranda, ko gefen banɗaki, ko kusurwar tsakar gida ba. Ya isa, muddin an yi lissafi tun kafin a je kasuwa.

Lissafin farko shi ne awo. Injin da ake buɗewa ta gaba yawanci faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa kimanin 85. Mai baki biyu, wato wanda ke wanki a gefe ɗaya ya matse a ɗayan, ya fi shi faɗi, yakan kai santimita 75 zuwa 80 ko fiye. A bayan kowannensu ana buƙatar rata kamar ta santimita 10 saboda tiyo da waya. Akwai manhajojin awo da ke amfani da kyamarar waya, kuma suna taimakawa wajen ƙiyasi, amma tef ɗin tela ya fi su gaskiya. A auna har da ƙofar da za a shigar da injin, domin ƙofar banɗaki a gidajen haya takan yi ƙunci fiye da yadda ido ke gani.

Ruwa ne ke zaɓar injin

Mutane da yawa suna zaɓen inji ne da kyan fuska da yawan maɓallai, alhali ruwan gidan ne ya kamata ya yi zaɓin. Inji mai sarrafa kansa yana jan ruwa ta wani bawul da ke buɗewa da wutar lantarki, kuma bawul ɗin yana son ruwa mai ƙarfi. Littafin da ke zuwa da yawancin irin waɗannan injuna yana neman aƙalla kusan rabin ba, wanda shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: kowace mita 10 ta tsayin tanki tana ba da kimanin ba ɗaya. Ke nan tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 3 bai wuce kashi uku cikin goma na ba ɗaya yake bayarwa ba. Shi ya sa inji sabo dal zai yi ta jira ruwa na ɗiga, daga baya ya tsaya ya nuna wasu haruffa. A injin LG haruffan su ne IE, a na Samsung kuma 4C ko 4E, duk ma'anarsu ɗaya: ruwa bai shigo yadda ake so ba. Maganin shi ne a ɗaga tankin, ko mai aikin famfo ya sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa a layin.

Gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa kuwa, mai baki biyu ne daidai da shi. Ana zuba masa ruwa da bokiti, ba ruwansa da famfo. Kuma ruwan omo ɗaya zai iya wanke fararen kaya, a biyo da masu launi, a ƙare da tsummokara. Wanda ke ƙirga jarkoki masu lita 25 ya san amfanin wannan. Aibinsa shi ne sai an tsaya a kansa, ana cire kaya daga baki ɗaya ana mayarwa ɗayan.

Fitar ruwan ma ta bambanta, kuma a nan ake yawan kuskure. Mai baki biyu galibi ba shi da famfon tura ruwa, gangara kawai yake bi, don haka dole tiyonsa ya kwanta ƙasa da injin. Ɗan dakali na bulo ɗaya yana gyara wannan, yana kuma raba ƙafafun injin da ruwan da ke kwanciya. Mai buɗewa ta gaba kuwa yana da famfonsa, kuma ana so a rataye bakin tiyonsa sama, kamar santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa. Idan aka yar da shi a ƙasa, ruwa zai riƙa shiga yana fita a lokaci guda. Ko wanne ne, a tabbata tiyon ya kai rariya. Ruwan omo da ke malala zuwa ƙofar maƙwabci ya sha haɗa faɗa a gidajen haya, wanda ya kwanta a lungu kuma gidan sauro ne.

Inda ruwa da wuta suka haɗu

Wannan ne ɓangaren da ba a wasa da shi. Akwai gidajen da idan aka taɓa jikin injin da jiƙaƙƙen hannu sai a ji wani ɗan fizga, a yi dariya a ce injin ya yi gaisuwa. Wannan alama ce ta cewa soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, wato waya ta uku da ke kwashe wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. Gidaje da yawa an ja musu waya biyu ne kawai don rage kuɗi, ramin soket na uku ado ne. Mutum tsaye ba takalmi a kan siminti mai ruwa, hannunsa a cikin injin, shi ne zai zama hanyar da wutar za ta bi. Kafin a fara amfani da lungun, a kira mai gyaran wuta ya gwada wayar ƙasa, ya kuma sa na'urar nan da ake kira RCD mai miliamf 30, wadda ke katse wuta nan take idan ta ji ta fara zurarewa. Kuɗinta bai kai ko kusa da na injin ba.

Soket ɗin ya kasance a jikin bango, sama da kan injin kuma nesa da famfo. Doguwar wayar jona-jona ta kasuwa da ake shimfiɗawa a ƙasa ba ta dace da nan ba. Soket mai amf 13 a wutar Najeriya mai bolt 230 yana ɗaukar kusan wat 3,000, amma siririyar wayar da ke cikin arahar jona-jona ba ta kai nan ba, shi ya sa take zafi har ta narke.

Abin mamaki ga mutane da yawa shi ne injin wanki ba shi ne mai cinye yunit ba. Mai baki biyu yakan ja wat 300 zuwa 500. A ce yana jan 400 ya yi aikin rabin awa, kashi ɗaya cikin biyar na yunit ke nan. Ayan ɗin guga kuwa daga wat 1,000 yake farawa, wasu su haura 2,000. A watan Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200, don haka gugar shadda biyar ta fi wankinsu tsada. Haka ma injin da ke buɗewa ta gaba: yana da abin dafa ruwa mai jan kusan wat 2,000, amma idan aka zaɓi wankin ruwan sanyi ba ya kunnuwa. A zafin Kano, ruwan tanki da rana ma ai da ɗuminsa.

Ƙaramin janareto mai wat 650 zuwa 950 ba ya ɗaukar ayan, kar ma a gwada. Masu sola da inbata kuma su tuna cewa motar inji takan ja ninkin wutarta a daidai lokacin tashi. Wanki tsakanin hantsi da azahar, lokacin da faifan sola ke kan ganiyarsa, yana barin batir da cajinsa don dare. Inda wuta ke zuwa rabi-rabi, stabilaiza na kare allon kwamfutar injin, wanda yana cikin kayan gyara mafi tsada.

Abin da waya za ta iya yi

Injin da bai zauna daidai ba yakan yi tafiya idan ya fara matsa. Manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin daidaito, a Android ma akwai irinta kyauta. A kwantar da wayar a saman injin yana kashe, a murɗa ƙafafunsa har ta nuna sifili. Idan sabon mai buɗewa ta gaba ne yake tsalle kamar zai fasa bango, a duba bayansa: akwai manyan kusoshi uku ko huɗu da kamfani ke ɗaure gangar da su saboda tafiya, kuma dole a kwance su kafin wankin farko.

Sabbin injunan LG suna haɗuwa da manhajar ThinQ, na Samsung da SmartThings, su aiko saƙo idan wanki ya ƙare. Wasu na LG har wani sauti suke fitarwa wanda waya ke saurara ta faɗi abin da ke damun injin. Abin burgewa ne, amma bai kai a ƙara kuɗi masu yawa saboda shi ba, musamman a gidan da intanet ɗinsa na wayar maigida ne, yana fita ya fita da shi. Abin da ya fi amfani shi ne fulogi mai haɗuwa da waya, irin masu aiki da manhajar Smart Life. Wanda ke da ma'aunin wuta zai nuna ainihin yunit ɗin da kowane wanki ya ci, kuma ana iya sa masa lokacin kashe ayan ga mai mantuwa. A nemi mai amf 16, a kuma sani cewa yawancinsu Wi-Fi mai 2.4GHz kawai suke kamawa. Ga mai baki biyu, agogon ƙararrawa na waya ya wadatar.

Sauran tsarin na bango ne, tunda ƙasa ta cika. Kanta ɗaya a saman injin za ta ɗauki omo, sabulu da sitaci a cikin robobi masu murfi, sama da inda hannun yara ke kaiwa. Bilic irin su Hypo a ware shi daga ruwan wanke masai, domin haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, balle a lungun da ba taga. Kwando biyu, na farare da na masu launi, suna rage zaman tsince-tsince. Igiya mai naɗewa ko marataya mai ninkewa tana ceton mutum a watan Agusta da ruwa ba ya ɗaukewa, da kuma hunturu, lokacin da farar riga ke shan ƙura kafin ta bushe. Injin da ke waje a rufe shi daga rana, don tana busar da roba har ta tsage, amma bayan wanki a bar ƙofarsa a buɗe na ɗan lokaci kada ya yi warin ruma.

Sai ƙaramin kwano ɗaya a kan kantar, na kayan aljihu. Kowace riga a lalube ta kafin ta shiga: katin ATM, filas, abin sauraro na kunne, tsabar kuɗi, da ita kanta wayar. Alamar IP68 da ake tallata wayoyi da ita an gwada ta ne a ruwa mai tsabta wanda ba ya motsi, ba a ruwan omo da ganga ke juyawa sau 1,000 a minti ɗaya ba, kuma garantin yawancin kamfanonin waya bai haɗa da lalacewar ruwa ba.