Kafin Ka Ba Shiri Mai Dogon Zango Darenka, Tambayi Wanda Ya Rubuta Shi

Ba a daɗe ba, mai son fim ɗin Hausa kasuwa yake shiga ya sayi faifai, ya kalli na ɗaya da na biyu, labari ya ƙare. Satar fasaha da masu tura fina-finai a waya suka durƙusar da wannan ciniki, kullen korona na 2020 kuma ya rufe 'yan gidajen sinimar da ake lallaɓawa da su. Abin da ya tsamo Kannywood daga wannan rami shi ne shiri mai dogon zango, wanda ake saki mako-mako a Arewa24 ko a YouTube. Yau da wuya ka sami daren da ba shi da nasa shirin. Yawansu ya kai ga cewa a watan Mayun 2025, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta tashi dakatar da waɗanda ta ce ba a kawo mata ta duba ba, har 22 ta lissafa a zama ɗaya. Mai kallo kuwa datarsa da kuɗi yake saye, darensa ma ba shi da yawa, dole ya zaɓa. A ganina ma'aunin da ba ya yaudara guda ɗaya ne: rubutu. Fuskar jarumi, da tsadar mota, da kyan hoto, duk suna iya jawo mutum ya kalli fitowa ta farko, amma ba su ne za su sa wata shida da ya ba shirin su zama ba asara ba.

Daɗin Kowa ne hujja mafi ƙarfi a kan wannan. Lokacin da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ƙaddamar da shi, yawancin fuskokin da ke ciki ba manyan taurarin Kannywood ba ne, kuma ba a gidajen alfarma ake ɗaukarsa ba. Zaure ne, da tsakar gida, da teburin mai shayi, da tsangaya. Duk da haka a 2016 ya lashe kyautar fina-finan Afirka ta AMVCA a ɓangaren Hausa, sunayen mutanen cikinsa kuma suka danne sunayen 'yan wasan na yanka. A dubi Kamaye da matarsa Adama. Idan suka tashi rigima a kan kuɗin cefane, ba za ka iya cewa ga mai gaskiya ga maras gaskiya ba. Ita tana da son abin duniya da kaifin baki, amma tukunyar da take magana a kai da gaske babu komai a cikinta. Shi yana da kame-kame da wayon talaka, amma da gaske aljihunsa wayam ne. Kana dariya, kana kuma jin wani abu yana sukar ka, domin ka san gidan da ake irin wannan zama. Haka Malam Nata'ala da almajiransa, haka Malam Kabiru Makaho da 'yarsa Alawiyya, haka Stephanie, Kirista da ke zaune cikin Musulmi a matsayin 'yar gari ba baƙuwa ba. Kowannensu an ba shi buƙata da dalili, an bar shi ya yi magana da bakinsa. Aikin marubuci ke nan, babu kyamarar da za ta yi masa shi.

Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019 ƙarƙashin umarnin Salisu T. Balarabe, ya nuna wani ɓangaren na wannan sana'a, wato tsari. Sunan kansa alƙawari ne: saura kwana casa'in a yi zaɓe a jihar Alfawa, Gwamna Bawa Maikada yana neman komawa kujera, ɗan jarida Sahabi yana tono abin da ake son binnewa, malamin makaranta Malam Adamu kuma an tura shi takarar da ta fi ƙarfin aljihunsa. Saboda lokaci yana tafiya, kowace fitowa dole ta matsar da labari gaba. Sani Mu'azu ya fito da Bawa Maikada a matsayin mutum mai fara'a da iya magana, irin wanda za ka fahimci yadda aka yi jama'a suka zaɓe shi tun farko, kuma wannan ya fi mugu mai zare ido ban tsoro. Da Malam Adamu, wanda marubuci Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a matsayinsa, ya hau mulki, shirin bai ce shi ke nan an huta ba, sai ya nuna yadda 'yan uwa da 'yan jam'iyya da masu kwangila suke kewaye mutumin kirki har numfashi ya gagare shi. Zangunan farko na wannan shiri suna cikin mafi ingancin abin da aka taɓa yi da Hausa a talabijin. Na baya sun ɗan saki jiki da zarar ƙidayar kwanakin ta daina matsa su, kuma wannan ma darasi ne a kan tsari.

Za a ce, to ai jama'a sun riga sun yanke hukunci da yatsunsu, shirin da miliyoyi suka kalla a YouTube shi ne mai kyau, sauran bayani na masu sharhi ne. Lambar masu kallo gaskiya take faɗa, amma ba amsar wannan tambaya take bayarwa ba. YouTube da talla yake biya, tallar kuma tana ƙaruwa ne da yawan fitowa da tsawon mintuna. Furodusan da labarinsa ya isa fitowa ashirin yana da dalilin kuɗi na mayar da shi sittin. Kowa ya san alamomin: mota ta tsaya a bakin get, a nuna maigadi yana buɗewa, a nuna ta shiga, a nuna an fito an rufe ƙofa, a shiga falo a yi gaisuwa har a tambayi gajiya da yara da mutan gida, sannan a zauna a ba wani labarin abin da mu masu kallo muka gani da idonmu makon jiya, da kiɗa mai ban tausayi a ƙasa. Minti goma sun tafi, labari yana inda yake. Mutane suna ci gaba da kallo ne domin sun riga sun zuba watanni, suna son ganin ƙarshe, kuma na'ura tana ƙirga wanda ya kalla yana tsaki daidai da wanda ya kalla yana jin daɗi. Ba tsawo ne laifin ba. Ertugrul na Turkiyya fitowa 150 ya yi daga 2014 zuwa 2019, kowace ta kai kimanin awa biyu, amma a kowace akwai abin da ya sauya. Daɗin Kowa ma ya daɗe, sai dai shi gari ne, ana haihuwa ana mutuwa ana baƙi, ba soyayya ɗaya ake ja kamar roba ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ina girmama masu yin sa. Suna cewa shirin da za a kalla da iyali, tarbiyya ce ma'auninsa, don haka wanda ya fi faɗakarwa shi ya fi cancanta. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya fara a 2020 a tashar Bakori TV, a kan wannan ya tara masoyansa, kuma ya cancanci yabo da ya nuna cewa shiri mai kamun kai zai iya cin kasuwa. Matsalarsa ita ce jaruminsa Umar Hashim kusan ba ya kuskure. Ya san amsar kowace tambaya, yana yi wa kowa nasiha, har mai kallo ya daina jin tsoron abin da zai same shi. Hajiya Nafisa mai izza, wadda Aisha Najamu ta fito a matsayinta, ta fi shi zama a rai, saboda ita ce ke da hanyar da za ta bi ta sauya. Faɗakarwar da take shiga jiki ita ce wadda mutum ya ga sakamakon aiki da idonsa, ba wadda aka tsayar da labari aka karanta masa ba. Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero sun san haka tun zamanin talabijin ɗin gwamnati. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ma ya sani: tsoho mai dukiya da rowa, da tulin 'ya'yan da ya haifa bai raina ba suna zagaye shi kowa da lissafinsa. Babu wanda ya tsaya yin wa'azi a kan auri-saki, amma wanda ya gama dariya ya ji saƙon.

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fita a 2020, shi ya haɗa ƙarfin wannan zamani da rauninsa wuri guda. Ya ɗaga darajar hoto da sauti har sauran masu shiryawa suka ji dole su gyara nasu. Amma abin da mutane suka riƙe ba hoton ba ne, Baba Ɗan Audu ne, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito da shi: dattijon da bai ji kunyar furfurarsa ba, mai daɗin baki da son banza, wanda aka rubuta masa magana irin tasa shi kaɗai. Labarin jarumar shirin, Sumayya, ya yi ƙarfi a farko, daga baya ya fara kewaye-kewaye, fitar Nafisa Abdullahi, wadda take fitowa a matsayinta, daga shirin kuma ta tilasta sauya fuskar jarumar ana tsakiyar tafiya. Matakin da Saira ya ɗauka bayan haka shi ne mafi kyau da wani mai shiri ya ɗauka a 'yan shekarun nan: ya rufe wancan labari, ya buɗe sabo da sababbin mutane a ƙarƙashin suna ɗaya, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara. Wanda bai taɓa kallon ko ɗaya cikin waɗannan ba, ya fara da zango na ɗaya da na biyu na Kwana Casa'in, ya bi da farkon Labarina, ya ajiye Gidan Badamasi don daren da gida ya cika. Sabon shiri kuwa a ba shi fitowa uku, idan a ta ukun ana maimaita abin da aka gani a ta farko, a adana datar.