Hutun Iyali A Ƙasashen Maƙwabta: Inda Za Ku Je Ba Tare Da Aljihu Ya Yi Kuka Ba

Da zarar an ce za a fita da iyali hutu zuwa ƙasar waje, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne Dubai, ko Masar, ko Turkiyya. Sai maigida ya lissafa kuɗin jirgi na mutum shida, ya haɗa da biza da otal, ya ga abin ya fi ƙarfin albashinsa na shekara, daga nan magana ta mutu. Yara su ƙare hutunsu tsakanin falo da waya, uwargida kuma aikinta ya ninku.

Alhali kuwa ƙasashen da muke iyaka da su, da waɗanda ke gaba da su kaɗan, suna da wuraren da mota za ta kai ku, mafi yawansu ba a neman biza, kuma da wuya ku kwana a gari ba ku ji ana Hausa ba. Abin da ake buƙata shi ne a iya zaɓe: a kauce wa manyan birane da lokacin da kowa ke tururuwa, a nufi garuruwan da baƙi ba su cika yawa ba.

Abin da za a duba kafin a zaɓi wuri

Na farko shi ne tsaro, kuma ba a sassauci a kansa. Yankin Tillaberi da Diffa a Nijar, da arewacin Benin wajen gandun dajin Pendjari da W, da yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da yankunanta biyu masu magana da Ingilishi, duk ba wuraren kai yara ba ne a wannan lokaci, komai kyansu a hoto. Ko inda ake zaman lafiya ma, a tambayi direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke bin hanyar a makon da za a tashi. Su ne suka fi kowa sanin halin da hanya da boda suke ciki.

Na biyu shi ne nisan tafiya idan aka kwatanta da shekarun yara. Yaro ɗan shekara uku ba zai jure kwana biyu a mota ba. Na uku, yanayin wurin a watan da za a je. Na huɗu, ko akwai asibiti kusa. Na biyar, abinci da wurin salla. Wurin da ya cika waɗannan biyar, sai a zo maganar kuɗi.

Damagaram: mafi kusa, mafi sauƙi

Ga iyalin da ke Kano, Jigawa ko Katsina kuma ba su taɓa ƙetare iyaka ba, Damagaram ce ta fi dacewa da gwajin farko. Tsakaninta da Kano kimanin kilomita 240 ne, ta Daura da Kwangwalam da Matamaye. Babu matsalar harshe, abinci kuma irin na gida ne, sai dai ku ƙara da dogon burodin nan na Faransa da kilishin da ake yabo.

A unguwar Birni akwai fadar Sarkin Damagaram, da tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a fuska, da manyan duwatsun da gidaje suka kewaye. Unguwar Zango kuma ita ce tsohon masaukin fatake da ayarin raƙuma. Yaran da ke karatun tarihi za su so su ji cewa wannan gari ne babban birnin Nijar a zamanin Turawa har zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai. Kwana uku sun isa a zaga gari a natse.

Lokacin zuwa shi ne hutun Disamba, cikin sanyin hunturu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma wannan ba na ƙananan yara ba ne. Sai kuma a koyi lissafin kasuwa: a can dala ɗaya tana nufin sefa 5, don haka idan mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000 ce.

Benin da Togo: teku da tsaunuka a tafiya ɗaya

Mutane da yawa sun san Kwatano a matsayin wurin sayen mota da atamfa, ba su san abin da ke kewaye da ita ba. Idan aka shiga ta bodar Seme, ba sai an yi zaman otal a tsakiyar birni ba. Porto-Novo, babban birnin ƙasar, ya fi natsuwa da araha, kuma babban masallacinsa abin kallo ne, domin an gina shi da salon gine-ginen waɗanda suka dawo daga Burazil bayan bauta.

Daga Abomey-Calavi ana shiga kwalekwale zuwa Ganvie, garin da aka gina bisa tafkin Nokoue, inda gidaje da kasuwa duk suke kan ruwa. Kakannin mutanen garin sun shiga tafkin ne don tsere wa masu kamun bayi. A Ouidah, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano, akwai hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa bakin teku, da ƙofar tunawa da aka gina a ƙarshenta. Darasin da yaro zai ɗauka a nan ya fi na littafi zama a kai. A sani dai garin cibiyar addinin gargajiya ne, kuma wajen 10 ga Janairu ana babban bikinsu, lokacin da masauki ke tsada da wahalar samu.

Gaba kaɗan, kusa da iyakar Togo, akwai Grand-Popo, ƙaramin gari mai dogon rairayin teku da itatuwan kwakwa, ba hayaniya. A nan zan ja kunne da babbar murya: igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfin ja, har gwanayen iyo tana rinjaya. Yara su yi wasansu a kan yashi, kada a bar su su shiga.

Wanda ya ƙetara Togo, ya wuce Lome ya hau zuwa Kpalime, kimanin kilomita 120. Gari ne na gonakin koko da kofi, da iska mai sanyi, da magangarun ruwa, kusa da dutsen Agou wanda ya fi kowane tsayi a ƙasar, mita 986. Yaron da ya tashi a Sakkwato ko Gusau, ganin 'ya'yan koko a jikin bishiya kaɗai ya ishe shi labari. Watan Agusta ya dace da wannan tafiya, domin a gaɓar tekun ruwan sama kan ɗan tsagaita a lokacin, kuma ya zo daidai da dogon hutun makaranta.

Arewacin Gana: bin sawun fataken goro

A watan Disamba Akara kan cika da baƙi masu zuwa shagulgula, kuɗin otal ya yi tashin gwauron zabo. Arewacin ƙasar kuwa yana nan da sauƙinsa. Tamale gari ne mai yawan Musulmi, abinci ba abin damuwa ba ne, kuma Hausa tana aiki a kasuwa. Tafiyar kamar awa uku daga can akwai gandun dajin Mole, inda ake ganin giwaye da gada da birai. An fi ganinsu da rani, lokacin da suke taruwa a wuraren shan ruwa. A bakin hanyar gandun akwai Larabanga da tsohon masallacinta na ƙasa, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar.

Ga Bahaushe kuwa, Salaga tana da wani matsayi na dabam. Ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda kakanninmu fatake suke kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goro, tafiyar watanni da jakuna. Daga irin wannan fatauci ne zangon Hausawa ya kafu a garuruwan Gana da dama. Iyalin da ke da dangi a Kumasi ko Tamale, wannan tafiya ta zama hutu da zumunci a haɗe. Sai dai tana da nisa, ta fi dacewa da yaran da suka ɗan tasa da kuma hutun da ya kai kwana goma. A tuna agogon Gana da Togo yana bayan namu da awa ɗaya.

Ngaundare: ga mutanen Adamawa da Taraba

Wanda ke Yola, Kamaru ta fi masa kusa da ko'ina. Ta Garwa ake bi zuwa Ngaundare, garin da ke kan tudu sama da mita 1,000, saboda haka yanayinsa da sanyi-sanyi. Akwai fadar Lamiɗo, da tafkin Tison, da magangarar ruwan kogin Vina, kuma daga nan jirgin ƙasa ke tashi zuwa Yawunde. Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausa ma ana ji. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka a tabbatar da ƙa'idar shigarta a ofishin jakadancinta kafin a ɗaura kaya.

Takardu da kuɗi

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba biza. Wannan ya shafi Benin da Togo da Gana. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka a bincika abin da jami'an boda ke nema a lokacin tafiyar. Kowane mutum, har jariri, ya kasance da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS tasa ta kansa. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ta riƙe takardar amincewar mahaifinsu da takardun haihuwa. Mai tafiya da motarsa zai buƙaci inshorar ƙetare iyaka da ake kira Brown Card.

Sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin da Togo ɗaya ce, ta Kamaru da Chadi dabam, kuma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Kwatano ba ko da yake darajarsu ɗaya. Gana kuma sidi take amfani da shi. A canza kaɗan a boda don kuɗin mota, sauran a cikin gari wajen ɗan canjin da aka sani.

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne masauki da abinci. Iyali mai mutum biyar ko shida, gidan haya mai kicin ya fi ɗaki biyu a otal sauƙi, domin za a dafa karin kumallo da abincin dare, a ci na rana a waje. A tafi da garin kunu, yaji, ƙuli-ƙuli da dambun nama. A ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin tafiya a ajiye shi gefe, ba a taɓa shi sai lalura ta taso. Kuma kada a ci bashi don hutu. Adashin wata shida ya fi dawowa gida a tarar da mai bin bashi da kuɗin makaranta suna jira.

Lafiya: abin da nake so kowace uwa ta riƙe

A wurin aiki muna yawan karɓar yaran da suka dawo daga tafiya da gudawa ko zazzaɓi, kuma mafi yawan abin ana iya kauce masa.

Katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, ana tambayarsa a boda. Allurar tana fara aiki a hukumance kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kada a sayi kati ba a yi allura ba. Katin zai wuce da ku boda, amma ba zai hana sauro cizon yaro ba. Ba a saba yi wa jaririn da bai kai wata tara ba, mai juna biyu kuma sai ta ga likita tukuna. Iyalin da ke da irin waɗannan, gara su jinkirta tafiyar. Masu zuwa Damagaram ko Tamale da rani su tambaya game da rigakafin sanƙarau.

A jakar magani a sa gidan sauro, ma'aunin zafin jiki, farasitamol na yara, filasta, ƙwayar zinc da fakitin ruwan gishiri da sukari. Idan fakitin ya ƙare, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai asma, ciwon suga ko hawan jini ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Yaro mai sikila ya riƙa shan ruwa sosai, a kuma rufe shi da kyau a wurare masu sanyi irin Kpalime da Ngaundare.

Ruwan sha ya zama na gora mai hatimi ko wanda aka tafasa. Abinci a ci shi da zafinsa, a bar ƙanƙara da ganyen da ba a dafa ba. Kada yara su yi wanka a tafki ko kududdufi, domin ta nan ake ɗaukar tsargiya. Duk zazzaɓin da ya taso, a yi gwajin maleriya a ranar. Idan yaro ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Shi ya sa yana da kyau ranar da kuka sauka ku tambayi mai masauki inda asibiti mafi kusa yake.

Shawarata ga masu farawa ita ce su ɗauki wuri ɗaya, mafi kusa da su, su yi kwana uku ko huɗu, su ga yadda yara da aljihu suka ɗauki abin. Badi sai a ƙara nisa. Waɗanda suka taɓa bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan da iyali, ku faɗa mana yadda kuka samu boda da masauki, domin masu niyya su amfana. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.